Sarkin Albasa, Igiyar Me Kake Dubawa?

Gaisuwar uwargijiya zuwa ga bawanta, Sarkin Albasan Dogarawa, mai rudu bakwai da riga ɗaya, wanda in ya shiga motar Ƙonni sai fasinja su kama hawaye alhali ba wanda ya mutu. Ina gajiya, ina ban ruwa, ina ƙauri? Zauna abinka, kada ka tashi, gaisuwar ke nan ta ƙare. Kai ɗan kawuna ne, ni ɗiyar gwaggonka, tun kafin a yanke mana cibiya aka halatta mini mutuncinka. In ka ji zafi, kai ƙara UNESCO. Su ne a 2014 suka sa wasan taubasai na Nijar cikin kayan gadon duniya, za su gaya maka aikin raya al'ada nake yi, yabo ma ya kamace ni.

Labari ya iske ni cewa ka kafa doka a gida. Wai Uwata, takwarar gyatumata, kada ta ƙara taɓa littattafan nan na 'yan mata masu artabu da dodanni da sarakunan aljanu, don ƙarya ce tsagwaronta, ƙaryar ma ta Nasara. An ce ka tsaya tsakar gida, ka gyara zaman hula, ka yi jawabi, kaji suka saurara da kyau. Sunan yarinyar ma ba ka iya kama shi, tunda na gwaggonka ne, sai “ke Gwaggo ƙarama” kake ta yi kana kaɗa yatsa, ita kuwa tana jiran ka gama ta koma shafinta. Wanda ya kawo mini wannan labari shi ya ƙara mini da na biyu. Wai in dare ya yi ta tara ƙannenta tana mayar musu da abin da ta karanta da Hausa, akwai wani ƙato da ke raɓewa bayan zana, wai yana duba igiyar akuya. Ɗan kawu, akuyar nan an sayar da ita tun kafin a koma lakwal. Igiyar me kake dubawa?

Mu fara da batun ƙarya, tunda fagenka ne. Kai ne mai jera manyan albasa a bakin buhu, ka cusa 'yan mitsi-mitsi a gindi, ka dubi baƙon da ya taso tun daga Kumasi ka ce masa har ƙasa haka take. Ban ce kai maƙaryaci ne ba, Allah ya tsare bakina. Cewa na yi kana da baiwar ƙaga labari, madaba'a ce dai ba ta gano ka ba tukuna. To mai irin wannan baiwa ne zai tashi yana kukan marubuta sun cika ƙarya?

Ka kuma manta da abin da ka tashi a kai. Wa ya haddace Ruwan Bagaja, wanda kawu ya sayo a Illelar Amarawa, har yana kwaikwayon Malam Zurƙe a bakin rijiya? Abubakar Imam ya rubuta shi don gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, aka fito da shi tare da su Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Alhaji Imam ya bar gida neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya ratsa ƙasa bayan ƙasa har ya faɗa cikin aljanu. Ganɗoki ya kara da Nasara, ya wuce ya kara da aljanu, ko haki bai yi ba. Ban taɓa jin ka ce ƙarya ce ba. Kai da abokanka na fada kukan kwana musu kan wa ya fi ƙarfi tsakanin Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi, har shayi ya ƙone a buta. Littattafai biyar gasar nan ta haifar, duka biyar ɗin namiji ne gwarzonsu. Zamanin ke nan, ba na tuhumar kowa. Amma ga inda gizo ke saƙar: namiji ya sare aljani dubu, ka ce mazan jiya, yarinya ta tsawata wa guda ɗaya, ka ce tarbiyya ta lalace.

Alhali ruwan Bagajan nan, kafin Imam ya aika namiji nemansa, mace ce ta fara zuwa. Ko ka manta tabarmar kakarmu? A gatanar da take yi mana, ɗiyar bora aka kora can wankin ƙirgi, ita kaɗai, ba doki ba takobi. Ta iske cinya da kare suna zaman gida, ta gaishe su da ladabi, ta ci abin da aka ba ta, ta bi abin da aka ce, ta dawo da dukiya. Haka yarinyar nan da sa'o'inta suka raina, ita ce ta tsaya ta cuɗa wa tsohuwa baya, ita kaɗai ta samo sunan Daskin-da-Riɗi. Rabin gatanar Hausa 'yan mata ne ke riƙe da ita, kuma tsofaffi mata ne suka yi ta ajiyarta. Kai kuwa a tabarmar nan aikinka biyu ne: kuka in Ta-kitse ta narke, da riƙe zanen kaka in an ambaci Dodo. Ba gori nake maka ba. Yaro mai tausayi ne kai a lokacin, daga baya ne kasuwa ta gyara ka.

To bar gatana, hau kwalta mu yi yamma, mu wuce Ƙonni mu shiga ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. A watan Afrilun 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta taso daga bakin kogin Kwara tana ƙone garuruwa, ta iso Lugu, garin Azna, wanda mace ke riƙe da shi, Sarauniya Mangu. Masu rawani da yawa sun buɗe ƙofa, wasu sun kauce. Mutanen Lugu suka tsaya da baka da kibiya, da harsashi ya yi yawa suka shige kurmi, Nasara bai sa hannu a kanta ba. A watan Mayu rundunar ta faɗa wa Birnin Ƙonni, abin da ta yi wa garin nan kuwa ba na wasa da shi ko da kai. Daga nan suka nausa gabas, har watan Yuli, lokacin da Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsayar da shi. Kwanaki kaɗan bayan haka sojojinsu suka juya musu bindiga, shi da Chanoine, wajen Maijirgi. Masu ba da labari suka ce bakin Sarauniya ne ya bi su.

Abdoulaye Mamani, ɗan Gudumariya, ɗan jam'iyyar Sawaba da ya sha gudun hijira da kurkuku, shi ya ɗauki wannan ya yi littafin Sarraounia a 1980. Abin da tarihi ya riƙe game da ita kanta kaɗan ne, sai ya cike sauran da alƙalami. Ya mai da ita marainiya tun ranar haihuwa, tsoho Dawa ya raine ta da nonon goɗiya, ya koya mata harbi da sirrin itatuwa, damisa ta zama alamarta. Ƙirga da yatsunka, na san ka iya ƙirga in dai ba bashi ba ne: marainiya, tsohon malami, horo mai wuya, baiwar da ba kowa ke da ita ba, azzalumi yana tafe. Ginin duk littafin da ka hana Uwata ke nan, ba ragi ba ƙari, ga shi ɗan ƙasarka ya yi shi tun kana yawo ba wando. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso, Aï Keïta ta fito a Sarauniya, ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Kyautar ma sunanta Dokin Yennenga, wata gimbiya mahayiya da Mosawa ke kira uwarsu. Duk inda ka juya, bawan Allah, mace ce a kan doki. Kuma har yau akwai Sarauniya a Lugu. A al'adarsu gawar wadda ta rasu ake ɗauka, ita ke nuna magajiya, abin da suke kira tarkama. Ba kamfe, ba rabon atamfa. Da haka ake zaɓen shugaban 'yan albasa, da gawa ta wuce ka da gudu.

Yanzu ga littafin da ya ɗaure ka bayan zana. In mai laifi kake nema, ni ce na ba ta shi, da tsohon ƙamus ɗina na Ingilishi, kuma gobe ma zan ƙara. Sunansa The Shadow Speaker, na Nnedi Okorafor, 'yar ƙabilar Ibo da aka haifa a Amurka a 1974. Ya fito a 2007, aka sake buga shi a 2023 tare da na biyunsa. Ka ce ƙaryar Nasara ce, to a Nijar ta kafa labarin, cikin shekarar 2070, bayan wasu bama-bamai sun birkita duniya har aka fara haihuwar yara masu baiwa iri-iri. Yarinyar sunanta Ejii, Musulma, shekararta goma sha huɗu, baiwarta ita ce inuwa na yi mata magana. Ubanta ya naɗa kansa sarkin garinsu ya takura wa mata, sai Jaa, jarumar da ake kira Jar Sarauniya, ta dawo ta fille masa kai a gaban jama'a, yarinyar na kallo. Bayan shekaru inuwoyi suka ce mata ta bi wannan matar, domin yaƙi na tafe. Ta kama hanyar hamada ta nufi Agadas bisa raƙumi mai magana. Sunan raƙumin kuwa Albasa.

Ka ji fa. Baiwar Allah tana zaune a Amurka, ta tashi raɗa wa raƙumi suna, duk duniya ba ta ga wanda ya dace ba sai naka. Dogon wuya, leɓe a sake, tafiya ana rangaji, a ɗora masa kaya ya yi ta gunaguni amma ya ɗauka. Ni dai ban ce komai ba. Albasar Galmi ta kai Abijan, ta kai Akkara, ta kai Kwatano, yanzu ga ta har cikin littafin Amurka, kai da ya kamata ka yanka rago sai ka kafa doka.

Bari in gaya maka abin da ke jan yaran nan, tunda kai daga bayan zana rabi kake ji. Kana tsammanin takobi ne da tsafi. Takobin a hannun Jaa yake, Ejii kuwa abin da take da shi kunne ne. Tana jin tsoro, tana kuskure, inuwoyin ma ba kullum take gane abin da suke faɗi ba. An haɗa ta da matar da ta kashe ubanta, tana ganin girmanta, tana kuma ganin inda zafin zuciyarta zai kai mutane, dole ita da kanta ta auna inda za ta bi babba da inda za ta tsaya ta ce a'a. Tafiyar tata duka don a hana zubar da jini ce. Yaron da suka haɗu a hanya, Dikeogu, wanda ya tsero daga bauta a gonar koko, abokin tafiya ne da gardama, ba wanda ya ɗauko wani a kafaɗa. Yarinya mai karatu takan ajiye littafi a nan ta tambayi kanta: da ni ce, me zan yi? Wannan tambayar ita ce zumar, dodanni kuwa ado ne.

Ka dubi 'yar shekara goma sha huɗu a garuruwanmu. Tun asuba aike take: rijiya, injin niƙa, talla, kai abinci garka, shanyar gabu. Kowa na da abin da zai aike ta, ba mai abin da zai tambaye ta. A shekarun nan ne kuma manya ke fara ƙus-ƙus a zaure, in ta gifta a yi shiru. UNICEF ta ce a Nijar kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin su cika goma sha takwas, kuma sau da yawa mai maganar ita ce ta ƙarshen ji. To a ba irin wannan yarinya labarin sa'arta wadda har inuwa ba ta ɓoye mata zance, wadda aka ba aike kuma aka bar mata shawara, ka ce kada ta so shi? Ko ni da furfurata sai da na kai asuba a kansa.

Sassauta fuska, ba da kai nake ba. Na san inda kuɗin akuyar nan suka tafi: kaye da bik da kayan lakwal. Na san kuma amsar da ka ba masu zuwa da goro bara, cewa sai ta gama BEPC a yi magana, in ta gama kuma a sake jira. Da na ji haka na ce ashe cikin buhun nan akwai manya har ƙasa. Kada ka saba, yabon shekara ke nan na ba ka gaba ɗaya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne mutumin da ya tare mata zaure da ƙirjinsa, shi ne kuma ke tsoron takarda.

Ka ce tsafi ne a ciki, kana tsoron imaninta. Aljanun Ganɗoki sun taɓa hana ka salla? Abin da ke hana ka sallar asuba a kan lokaci sunansa bargo. Yarinyar nan ta san labari ta san imani, ta riga ka tashi, ta riga ka alwala, ta fi ka izu. In kuwa mace da littafi ne ke ba ka mamaki, ba sai ka je nesa ba. A Maratta, nan kusa da ku, aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kafa 'Yan Taru, ta naɗa jajoji mata, ta ɗora musu malfa, suna bin ƙauyuka suna karantar da 'yan'uwansu. Ita ba labarin dodanni ta rubuta ba, ilmin addini ta yaɗa, amma ta isa shaida cewa yarinya da takarda a hannu ba Nasara ya kawo mana ita ba. Kai dai malfarka ta ban ruwa ce, ba laifi, kowa da fagensa.

Kuma wai kai ne za a ba labarin mace mai ƙarfi? Kowace shekara in albasa ta fito gaba ɗaya wajen Maris da Afrilu, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi warwas, kai sai ka zuba a rudu ka ce sai ta yi tsada. Ka zauna kana lissafin miliyoyi a iska, rabi na ruɓewa, injin ban ruwa na jiran kuɗin mai. Wa ke riƙe da tukunya a watannin nan? Adashin uwargida da kuɗin gabunta da 'yan tumakinta. Da aka rufe iyakoki a 2023 motoci suka tsaya da kaya, wa ya kwance bakin zane ya fitar da abin da ba ka san da shi ba? Jaruma na cikin gidanka tana tuƙa maka tuwo, kai kana waje kana gaya wa 'yan fada cewa mace rauni gare ta. In ta kira ka da cikakken sunanka daga cikin ɗaki, har raƙumin littafi ya fi ka tsayuwa. Hausawa kan ce albasa ba ta yi halin ruwa ba in ɗa ya kasa gado ubansa. A gidanka kaɗai na ga an faɗi karin maganar nan ana hamdala.

Ga hukunci, tunda ni ce alƙali ni ce mai ƙara. Doka ta faɗi daga yau. Za ka sayo wa Uwata sabon ƙamus, nawa ya zama ganye, da fitila mai aiki da hasken rana, don ta bar cinye batirin salular uwarta. Za ka shigo ka zauna kan tabarma cikin yara kamar mai gaskiya, in abin tsoro ya zo ka riƙe hannun auta, ba mai faɗa wa kowa sai ni. Za ka aiko mini buhu biyu Ƙonni, kuma zan zazzage su a gaban direba. Kuɗin shara da kake ta noƙewa duk watan cika-ciki, wai kai ne ubangida ni ce baiwa, su ma a haɗo; wannan gardamar kakanninmu ba su raba ta ba, amma mai alƙalami shi ke da gaskiya.

Saura albishir. Uwata ta fara rubuta nata, da Hausa, cikin kayen lissafi. Jarumarta 'yar Dogarawa ce, akwai wani abu da ke kwance ƙarƙashin madatsar ruwan Galmi, akwai kuma aljanun da ƙurar simintin Malbaza ta hana barci. Ta ce mini abu guda ya rage mata, ta rasa yadda za ta siffanta dodon: tana son mai ƙara da yawa, mai ban tsoro daga nesa, wanda in an matso kusa sai a tarar ba ya cizo. Na ce ta kwantar da hankalinta, ta riƙa lura da mai gidan in ana cinikin buhu.

Ina jiran amsarka, in kana da ita. In rubutun ya gagara, Gwaggo ƙarama ta rubuta maka, amma shafi ɗaya jaka ɗaya ne, kuma ba ta karɓar albasa.